Wayar da Danda Ya Zare

A tashar Tasawa, in ka ce kana neman motar da za ta kai ka ƙauyukan arewa, inda kwalta ba ta taɓa leƙawa ba, bashen Danda za a nuna maka. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gazuwal, wato dizal, wadda ta girmi wasu daga cikin direbobin tashar. An ce fara ce a da. Danda kuwa, in ana hira a gindin itacen bedi ana jiran lodi, ba abin da yake so kamar a taɓo zancen sababbin motoci, don ya samu ya gyara zama. Sai ya ce waɗancan wayoyi ne cunkus a cikinsu kamar taliya, in ɗaya ta yi tari sai an ɗauko na'ura daga Maraɗi kafin a san abin da ke damunta. Tasa kuwa yana iya lissafa wayoyin injinta ido rufe, kuma gaskiya ce, yana iyawa.

Akwai wadda ke zuwa famfon gazuwal, ita ke buɗe wa mai hanya in an murɗa makulli, ta rufe in an kashe. Akwai wadda ke zuwa wajen ɗan abin da ke jin zafin ruwa, ita ke motsa allurar da ke gaban direba. Sai kuma wata siririya guda, wadda ke sauka gefen inji kusa da matatar mai, ta maƙale a kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce babban yatsa ba. Direbobi suna ce masa mano. Aikinsa ɗaya ne a duniya. In man inji yana zagayawa da ƙarfinsa, sai ya tura mano, jar fitilar da ke gaban direba ta mutu. In ƙarfin man ya faɗi, sai mano ya haɗa wayar da jikin inji, fitilar ta kama. Shi ya sa da an murɗa makulli, kafin inji ya tashi, dole a ga fitilar a kunne, da ya tashi kuma ta ɗauke.

Danda ya san wannan kamar yadda ya san hanyar gidansa. Ya ma taɓa koya wa matarsa Zuhura, tun suna ango da amarya, lokacin da mutum ke neman kowane irin dalili na zama kusa da mace. Ita ce ta raɗa wa fitilar suna, don hoton da ke jikinta ya yi mata kama da butar alwala. Tun daga nan, a gidansu, fitilar buta ake ce mata.

To, a tsakiyar daminar bana fitilar buta ta fara ƙifta ido. In mota na tsaye inji na aiki sai ta ɗan yi ja ta ɓace, in an shiga gargada ta sake. Danda bai yi sakaci da farko ba, a faɗi gaskiya. Ya kai ta wajen Na Allah, mai gyaran wutar mota a bayan tasha, wanda ya kwance mano ya ɗaura ma'auni a gurbinsa, ya ga ƙarfin mai lafiya lau. Ya ce inji ba shi da komai, mano ne ya tsufa yana ƙarya, ga shi ma wuyansa ya fara jiƙewa da mai. Ya ce zai sa a taho da sabo daga Maraɗi.

Amma kafin sabo ya zo, ai ba a ajiye mota. Kuma 'yan kasuwar da ke zama gidan gaba ba su da aiki sai kallon fitilu. Mutum bai san inda ake zuba ruwa a mota ba, amma da ya ga ja sai ya fara salati, in ya sauka kuma ya baza a tasha cewa motar wane tana da ciwo. Saboda haka direbobin wannan hanya suna da maganinsu da suka gada tun daga iyayen gidansu: in mano ya fara surutu, a zare masa waya. Danda ya buɗe kapo, wato murfin inji, ya zare, ya naɗe bakinta da baƙin salatif, ya ɗaure ta a jikin wani bututu don kada ta yi ta reto. Fitila ta yi shiru, fasinja suka samu natsuwa. Abin haushin shi ne, fitilar da aka zare wa waya da fitilar lafiyayyen inji kamarsu ɗaya, duk a mace suke.

Sabon mano ya iso. Na Allah ya aiko aka gaya masa, ya sake aikowa, har ya tare shi da kansa a bakin masallaci. Danda ya ce sai an ci kasuwar Issawane. Da aka ci ta ya ce gobe. Danda ba mugun mutum ba ne, ba kuma malalaci ba ne, amma gobensa tana da tsawo, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san haka. Zuhura ta fi kowa sani, don tun ƙaramar salla take roƙonsa ya kai ta ta gano mahaifiyarta a wani ɗan ƙauye gaba da El Allassane Maïreyrey, yana ce mata bari hanya ta sha iska.

Ran nan da hantsi, yana tsugune a tsakar gida yana shan fura, wayar Zuhura ta yi ƙara. Ƙanenta Cha'ibu ne. Danda bai ji abin da yake faɗa ba, amma ya ga ludayin da ke hannunta ya tsaya. Cha'ibu ya ce zazzaɓin Inna ya juye tun jiya, ba ta karɓar komai, an kai ta ɗakin shan magani an dawo da ita. Ya ce ya hau tudu ne ya samu rezon waya, ba zai daɗe ba.

"Yaya, in kina son ki same ta, ki taho yanzu."

Zuhura ba ta yi kuka ba. Ta miƙa 'yarsu Huda ga maƙwabta, ta tura zane biyu da sabulu da ƙullin sukari a jaka, ta fito ta tsaya a bakin mota. Danda kuwa ya ji kunya ta lulluɓe shi saboda duk goben da ya yi ta yi mata, sai kunyar ta koma gaggawa. Ya ce ba lodi yau, ba fasinja, su biyu ne kawai. Ya rantse mata cewa kafin a kira azahar tana gaban Inna. Da hanya da motar duk ya san su, kuma ba ƙarya ya yi ba, tafiyar ba ta fi haka ba.

Ta shiga gaba. Ya murɗa makulli, ya jira inji ya ɗumama yadda tsohon dizal ke so. Fitilar batir ta kama. Zuhura, wadda idonta ke neman abin kallo don kada hawaye ya zubo, ta tsura wa fitilun ido.

"Maigida, ina butar? Ba ta kama ba."

"An gyara," in ji shi.

Kalmar ta fito ne kafin ya yi tunani. A ransa ya ce ai kusan gaskiya ce, tunda an auna an ga inji lafiya, sabon mano ma yana nan yana jira. Gareji bai fi a leƙa ba daga inda suke, ɗaurawar kuma ba ta kai shan shayi ba. Ya tuna da haka sarai. Amma ya dubi fuskarta ya ga ba fuskar da za a ce wa a biya gareji ba ce, kuma in ya ce a biya, ya tona kansa ke nan. Ya tayar da mota suka fita gari.

Gero ya yi tsawo a shekarar, har ya fara fid da kai, hanya ta zama siririn layin rairayi tsakanin gonaki. Ba ranar kasuwa ba ce, ba su gamu da mota ko ɗaya ba. Da suka yi nisa sai bakin Zuhura ya buɗe, ta yi ta magana ba tare da ta dube shi ba. Ta ce in ta isa za ta fara dama wa Inna kunun tsamiya, don ko ba ta cin komai ba ta ƙin wannan. Ta ce za ta tsefe mata kai ta wanke, don ta san ba wanda ya kula da wannan a cikinsu. Ta ce in ta ɗan ji sauƙi, wannan karon ko tana so ko ba ta so sai an taho da ita Tasawa ta ga likita. Danda yana ta cewa in sha Allahu, yana ƙara taka mota. Gargada tana jijjiga su har haƙora na haɗuwa, shi kuwa yana jin daɗin cewa yau dai yana yi mata wani abu.

Wari ya fara ji, irin na mai da ya zuba a kan ƙarfe mai zafi. Ya dubi allurar zafi, ya ga tana inda ta saba. Ya ce wa kansa tsohuwar mota ba ta rasa wari. Allurar ba ta yi masa ƙarya ba, ruwa take aunawa, ruwan kuma yana nan. Wanda ke da labarin mai shi ne aka rufe wa baki.

Suna cikin hawan wani dogon tudun rairayi, inda in ka sassauta ƙafa mota ta nutse, sai muryar inji ta sauya. Wani ƙwanƙwasa ya taso daga can ƙasa, kamar ana daka a turmin da ba komai a ciki. Direban da ya kai shekarunsa a hanya ya san wannan sauti, kuma ya san in an ji shi an riga an makara. Duk da haka Danda ya ce bari dai su kai kan tudun. Ba su kai ba. Motar ta yi wata irin shaƙewa, ta girgiza, ta tsaya cak. Ya murɗa makulli, sai ƙat. Ya sake, ƙat.

Sandar da ke riƙe kapo ta daɗe da karyewa, sai ya ce Zuhura ta riƙe masa. Gefen inji duk ya yi baƙi sharkaf, mai na ɗiga daga kowane ƙarfe. Tsohon mano ya tsage a wuya, gargada ta ƙarasa shi, ta nan inji ya yi ta feso mansa waje. Danda ya waiwaya ya ga baƙin layi a kan rairayi, ya miƙe bayansu har inda ido ya tsaya. Ya zaro sandar gwajin mai, ta fito a bushe.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne galan ɗin man da ke bayan kujera, cike, wanda bai taɓa tafiya ba shi ba. Da fitilar na da waya, da tun can baya ta kama ta tsaya ja. Da ya tsaya ya toshe ramin da ƙusa mai zare, irin waɗanda ke cike da akwatin kayan aikinsa, ya juye galan, su wuce. Aikin da ba zai hana su azahar a ƙauye ba. Ya ɗauko galan ɗin duk da haka, ya toshe, ya juye, ya sa sifana a kan inji ya danna da dukkan ƙarfinsa. Ko motsi. Ƙarfe ya riga ya kama ƙarfe.

Zuhura tana riƙe da kapo, hannayenta sama, tana kallon abin da yake yi. Sai idonta ya sauka a kan siririyar wayar nan mai baƙin salatif, a ɗaure tsaf a jikin bututu. Ɗaurin ba na haɗari ba ne, na wanda ya zauna ya yi shi da natsuwa ne.

"Wagga ita ce wayar butar?"

Ya ce ita ce.

"Ka ce mani an gyara."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya buɗe baki zai kawo zancen Na Allah da ma'auni da 'yan kasuwar gidan gaba, ya ji duk ba su da nauyin da za su fito. Ta jira ya janye kansa, ta sauke kapo a hankali don kada ya buge shi, ta ɗauki jakarta ta kama hanya da ƙafa.

Ya bi ta. A kan tudun ya ɗaga waya sama yana juyawa, rezo ya leƙo ya koma, kiran Cha'ibu bai shiga ba. Rana ta take, rairayi na cin ƙafa. Ya karɓi jakar, ta sakar masa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi, amma ba ta da lokacinsa, duk hankalinta yana gaba. Tana tafiya tana haɗawa da ɗan gudu, takalminta na nutsewa, har ta cire su ta riƙe a hannu.

Sai da azahar ta gota suka ci karo da wani manomi mai suna Lamine, yana kora amalanken shanu zai koma gida. Da ya ji abin da ke tafe da su bai tsaya tambaya ba, ya juya shanun. Mutumin kirki ne, ya yi ta lallashinsu da bulala da baki, amma sa ba ya sauri don wani na sauri. Zuhura ta zauna a bakin amalanke tana jan carbi da yatsu. Danda ya zauna a baya, yana kallon inuwar gawo tana ƙara tsawo a kan gonaki. Da la'asar ta yi suka sauka suka yi salla a gefen hanya da ɗan ruwan da ke jarkar Lamine, ita ta riga su sallamewa ta koma ta hau.

Rana ta yi sanyi lokacin da rumbunan ƙauyen suka bayyana. Kafin su kai gidajen farko, sai ga ayarin maza yana fitowa daga gabas, daga wajen maƙabarta. Wasu na saɓe da fartanya, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Biyu daga ciki na ɗauke da makara, a karkace, yadda ake ɗaukar abin da ba kowa a kai. Cha'ibu na tsakiyarsu.

Zuhura ta sauka tun amalanke bai tsaya ba. Ta yi taku kaɗan ta durƙushe a tsakiyar hanya. Cha'ibu ya zo ya tsuguna a gabanta, ya ce bayan azahar ne rai ya yi halinsa. Ya ce sun jira, sun hau tudu sun yi ta kira ba ya shiga, har liman ya ce zafi ya yi yawa, ba a kyauta mata ba in aka ƙara. Wani dattijo ya tambayi abin da ya tsare su. Danda ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya cancanta.

"Mota ce ta tsaya muna a daji," in ji Zuhura. "Haka Allah ya so."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta kuma ƙara ba, ko a ranar ko bayanta. Mata suka fito suka kama ta suka shige da ita. Shi kuwa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida cikin masu zaman makoki, aka kawo masa ruwa. Kowa ya zo sai ya yi masa gaisuwa biyu, ta rashi da ta wahalar hanya. Suna cewa ya yi ƙoƙari, surukin kirki ke nan, wanda ya bar lodinsa ya taso. Suna cewa ƙarfe ba shi da alkawari, kada ya sa wa ransa damuwa. Kowace kalma sai ya ji kamar an ɗora masa dutse, yana amsawa da amin. Baƙin mai na nan a ƙarƙashin faratansa, ya yi ta ɓoye hannun a cikin riga.

Da jama'a suka tashi haramar magariba, shi ya kasa tashi nan da nan. Inda yake zaune, dangar kara ce kawai tsakaninsa da tsakar gida, ana jin komai. Ya ji muryar Gwaggo A'ishatu, ƙanwar mahaifin Zuhura, wadda ita ta yi jinyar Inna har ƙarshe. Tana ba Zuhura labarin yadda aka yi, a hankali, yadda ake ba wanda bai samu gani ba. Ta ce tun safe da aka ce wa Inna an kira Tasawa, ta sa aka juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Ta ce ba ta wahala sosai ba.

"Ta kira ki, ɗiyata. Ana kiran azahar ta buɗe ido ta kira ki. Da sunanki."

Kukan Zuhura ya tsaya.

Zuhura ita ce 'yar fari, Inna kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari irin ta asali. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan ba. Ke take ce mata, ko yarinyar nan, da aka yi mata aure kuma sai ta riƙa ce mata ta Tasawa. Ko wata mai sunan ta shigo gidan, sai Inna ta san yadda ta kauce. Zuhura ta girma, ta yi aure, ta haihu, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, ba ta kuma taɓa sa ran za ta ji ba.

"Gwaggo, ƙaƙa ta hwaɗe shi?"

Gwaggo ta ce, "Zuhura."

"A'a, yadda ita ta hwaɗa."

Tsohuwar ta gyara murya, ta sassauta ta, ta ja sunan kaɗan. Danda ya ji ladan ya fara kira, ya ga mutane na wucewa da butoci.

"Ni ban san yadda yake a bakinta ba, Gwaggo," in ji Zuhura. "Ke kin ji. Don Allah sake hwaɗi."

Gwaggo ta sake, ta kuma sakewa, tana kuka tana faɗa, amma duk yadda ta juya shi muryar Gwaggo ce ke fitowa. Zuhura kuwa ba ta daina cewa a sake ba.